Tan tara na littattafan likitanci: nazarin wata kyauta tsakanin laburare biyu

Laburare biyu ne a cikin wannan lamari. Na farko na wata makarantar koyon likitanci ne a ƙasa mai arziki, wadda ta mayar da yawancin karatunta kan intanet, hukumar jami'a kuma ta ce a kwashe bene guda na littattafai cikin wata huɗu don a mai da shi wurin zaman ɗalibai. Na biyu na wani asibitin koyarwa ne a ƙasa mai zafi da damina mai ƙarfi, inda zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da gudawar yara suka fi cika gadaje. Ma'aikatansa uku ne, masu shigarsa kuwa ɗaliban likitanci da na jinya da na ungozoma, sai likitocin da ke neman ƙwarewa. Babu sunan kowa a nan, alƙaluman kayan kuma na misali ne da aka zaɓa don lissafi ya fito sarai. Mai irin wannan aiki a gabansa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Wanda ya haɗa su wani likita ne da ya yi karatu a asibitin kafin ya tafi aiki waje. Ya ga ana shirin kai littattafai wurin masu niƙa takarda, ya tuna da kantocin da ya baro, sai ya rubuta wa shugaban asibitin. Shugaban ya amsa da godiya nan take, don ba a mayar da hannun kyauta. Shugabar laburaren kuwa sai da jirgi ya tashi ta sami labari. Duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo asali: waɗanda suka ce a aiko ba su ne za su buɗe kwalayen ba, wadda za ta buɗe kuma ba a nuna mata jerin abin da ke ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan ba a tambayi mai ɗakin ba.

Abin da aka loda

Juzu'i 6,000 aka tattara, littattafai 3,500 da ɗaurarrun mujallu 2,500. Littafin likitanci yana da nauyi saboda takardarsa mai sheƙi ce, ga yawan hotuna. In aka ɗauki kilo ɗaya da rabi a matsayin matsakaici, kayan sun kai tan 9. An zuba juzu'i 12 a kowane kwali mai tsawon santimita 40, faɗi 30, zurfi 25, ya zama kwali 500, kowanne kilo 18. A nan masu kyautar sun yi daidai, domin babban kwali in aka cika shi da littattafai ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gindinsa kuma yakan fashe tun ba a je ko'ina ba. An jera kwalayen hamsin-hamsin a kan dandamalin katako goma masu hatimin ISPM 15, wato katakon da aka gasa har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari. Katako marar wannan hatimi yakan sa a tsare kaya a tasha. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan kubik mita 33, kwalayen kuwa 15 kawai suka ci, sai wasu masu son alheri suka cike gurbin da tsofaffin kwamfutoci shida da kwalayen safar hannu da na'urorin auna hawan jini.

Lissafin da ba wanda ya yi shi ne na ɗaya gefen. Mita ɗaya ta kanta tana ɗaukar kimanin juzu'i 20 na irin waɗannan littattafai, saboda haka ana buƙatar mita 300. Kantar ƙarfe mai faɗin santimita 90 da hawa shida tana ba da mita 5.4, ke nan sai an samo 56 irinta, alhali ɗakin ba shi da gurbin goma. Ɗakin kuma a bene yake, kuma ba a gina shi don ajiyar littattafai ba. Ƙa'idar gini ta Amurka, alal misali, tana neman daɓen ma'ajiyar littattafai ya ɗauki ninki uku na abin da daɓen ofis ke ɗauka. Sai aikin hannu. Shigar da littafi ɗaya a katalogi, da ba shi lamba, da buga hatimi, da manna takardar ƙeya, yana cin kamar minti 20. Mutum ɗaya mai aikin awa shida zai gama 18 a rana, littattafai 3,500 za su cinye masa kwanakin aiki kusan 195, ban da mujallu, kuma shi ne dai mai zama a teburin ba da aro.

Mako bakwai a tasha

An biya jigila bisa sharaɗin CIF, wanda ya ƙunshi kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar ƙasar da za a kai kayan. Masu kyautar sun ɗauka sun sauke nauyi. A gaskiya daga nan ne kashe kuɗin mai karɓa ke farawa: kuɗin sauke kwantena, ladan ejan, kuɗin ajiya, motar da za ta kai ta asibiti, da mayar da ita fanko. Asibitin bai ware ko sisi don wannan ba tunda ba a gaya masa ba. Da an yi amfani da sharaɗin DAP, da mai aikawa ya biya har ƙofar asibiti, mai karɓa ya ji da kwastan kawai. A DDP kuwa har kuɗin fito yana wuyan mai aikawa.

Takardun ma sun zo da aibi uku. Na ɗaya, a takardar lodin jirgi an rubuta sunan laburaren a matsayin mai karɓa, alhali laburare sashe ne kawai, ba shi da rajista ko lambar haraji. Sunan asibitin ko na jami'a ya kamata a sa, daidai da yadda yake a rajistarsa, gyara kuma sai kamfanin jirgi ya yarda, sai an biya. Na biyu, a takardar ƙimar kaya an rubuta cewa kyauta ce, ba ta da daraja. Kwastan ba ya karɓar sifiri. Ana sa ƙima mai ma'ana, a rubuta cewa don lissafin kwastan ce kawai, a haɗa da wasiƙar kyauta mai sa hannun ɓangarorin biyu; in ba haka ba jami'i zai yanka tasa ƙimar, kuma ba ya yankawa ƙasa. Na uku, waɗancan kwamfutoci da safar hannu. Littattafai suna ƙarƙashin lamba 49.01 a tsarin rarraba kaya na kwastan na duniya, mujallu 49.02. Kayan lantarki da kayan asibiti lambobinsu daban, hukumomin da ke duba su daban, ƙasashe da dama kuma suna tsananta wa tsofaffin kayan lantarki. Saboda kwamfuta shida aka fasa kwantenar gaba ɗaya aka duba ta kwali-kwali.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Yarjejeniyar Florence ta 1950, wadda UNESCO ta jagoranta, da ƙarin da aka yi mata a Nairobi a 1976, sun ɗora wa ƙasashen da suka shiga alhakin kada su ɗora kuɗin fito a kan littattafai da mujallu. Ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, kuma yarjejeniyar ba ta hana harajin cikin gida da kuɗin hidimar tasha ba. Ko inda doka ta yafe, sau da yawa sai an nemi takardar yafewa daga ma'aikatar kuɗi ko ta lafiya ko ta ilimi, neman kuma yakan ɗauki makonni. Wannan takarda ana riƙe ta a hannu ne kafin a loda kaya. A lamarin nan sai da jirgi ya iso aka fara nema.

Kamfanonin jiragen ruwa suna ba da 'yan kwanaki kyauta, galibi mako ɗaya zuwa biyu, daga nan kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, yana kuma ƙaruwa mataki-mataki. Tasha ma tana lissafa nata kuɗin ajiyar daban. Da aka kai mako bakwai, sai da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi karo-karo kafin aka fitar da kayan.

Zaman bai bar littattafan lafiya ba. Kwantena a rana takan yi zafi ƙwarai, da dare ƙarfen ya huce, danshin da ke cikin katako da kwali ya taru a rufi ya riƙa ɗiga. Ba a rataya jakunkunan shan danshi ba, ledar da aka naɗe da ita kuma an yage ta wurin bincike. Fumfuna tana kama takarda da zarar danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, takarda mai sheƙi kuma in ta jiƙe ta bushe, shafukan mannewa suke yi, babu mai raba su. Kwalayen saman ne suka fi shan wuya.

Abin da ma'aikatan laburaren suka yi a nan abin koyi ne. Ba su shigar da kwali ko ɗaya cikin laburare ba. Sun samu wani ɗaki mai iska, suka ɗora kwalayen a kan katako nesa da bango saboda gara, suka riƙa buɗewa da takunkumi da safar hannu. Duk littafin da fumfuna ta ci suka ware don zubarwa, don a asibitin da ke da masu raunin garkuwar jiki ba a wasa da ita. Wanda aka ga alamar ƙwaro a jikinsa kuma yana da daraja, sai a ɗaure shi a leda, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, a bar shi ya huce kwana ɗaya cikin ledarsa kafin a buɗe. Sanyi yana kashe ƙwari, amma fumfuna tsayar da ita kawai yake yi. Firizar ajiyar jini ko ta allurar rigakafi kuwa ba a ko tunanin taɓa ta don wannan aiki.

Tantancewa

Nan ne ainihin nauyin lamarin yake. Littafin likitanci yana lalacewa kamar magani, sai dai ba a buga masa ranar a jiki ba, kuma lalacewar ba ta zuwa wa kowane fanni lokaci ɗaya. Ilimin sassan jiki bai sauya ba, saboda haka littafin hotunan sassan jiki mai shekara ashirin yana nan da amfaninsa. Na aikin gaɓoɓi da na ƙwayoyin halitta sukan kai shekara goma. Na jinya da magunguna da kula da marasa lafiya kuwa, ƙa'idar da laburaren likitanci da yawa ke bi ita ce shekara biyar, ko bugu na yanzu da wanda ya gabace shi. Kundin magunguna ya fi kowa saurin tsufa. Na Birtaniya, BNF, sau biyu ake buga shi a shekara.

Kwamitin da aka kafa, likitan yara da malamar jinya da mai harhaɗa magunguna da shugabar laburare, bai tsaya karanta littattafai ba. Sun zaɓi wasu shafuka da suke buɗewa, su ne ma'auninsu. A babin zazzaɓin cizon sauro, littafin da ya ce a fara da kulorokwin ya riga ya fita, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ga haɗin magunguna masu atemisinin tun farkon shekarun 2000, ta kuma fitar da cikakken jagora a 2006. A zazzaɓi mai tsanani, binciken AQUAMAT da aka wallafa a 2010 ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwar yaran Afirka da kimanin kashi 22 cikin ɗari idan aka kwatanta da kwinin, hukumar ta sauya shawararta a 2011. Littafin 2008 zai gaya wa ɗalibi kwinin ne kan gaba, kuma zai faɗa masa da cikakken ƙarfin hali. A babin ƙanjamau, mizanin hukumar na fara magani ya tashi daga adadin CD4, wato wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin jini, 200 zuwa 350 a 2010, zuwa 500 a 2013, a 2015 aka ce a fara wa kowa da zarar an gano cutar. A gudawar yara, ruwan gishiri da sukari ya koma mai sauƙin kauri, 245 a maimakon 311 a ma'aunin kaurin haɗin, aka kuma ƙara zinki na kwana 10 zuwa 14, bisa sanarwar haɗin gwiwa ta hukumar da UNICEF a 2004. A farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, jagoran Amurka na 2010 ya sa danna ƙirji gaba da buɗe hanyar numfashi. Shafi huɗu ko biyar sun isa a yanke wa littafi mai shafi dubu hukunci.

Akwai masu cewa tsohon littafi ya fi babu. A fannin sassan jiki gaskiya ne. A fannin magani kuwa ɗalibin da bai sami littafi ba zai je ya tambayi malaminsa, wanda ya sami tsoho kuwa ya gamsu, ba zai tambayi kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fuskanci irin wannan gardama a kan kyautar magunguna, ta fitar da jagora a 1996, cikin ginshiƙansa akwai cewa abin da ingancinsa bai isa a yi amfani da shi a ƙasar mai bayarwa ba, bai isa a bayar da shi kyauta ba. Kwamitin ya ɗauki wannan ma'auni ya ɗora wa littattafai.

Sabon littafi ma yana iya zama bai dace ba. An sami tarin littattafai a kan dokar aikin likita da tsarin inshorar lafiya da jarrabawar samun lasisi na ƙasar masu kyautar. An sami na tiyata da mutum-mutumi da na dashen gaɓoɓi, ayyukan da asibitin ba ya yi. An ajiye ɗaya-ɗaya don masu neman ƙwarewa, sauran aka ware. Littattafan cututtukan fata sun zo da hotunan farar fata kusan zalla, alhali ƙyanda da ƙuraje ba haka suke bayyana a baƙar fata ba. Sunayen magunguna ma sun bambanta: abin da littafin Amurka ke kira asetaminofen shi ne farasitamol, albuterol shi ne salbutamol, efinefirin shi ne adirenalin. Ma'aunin sukarin jini a can miligiram ne a desilita, a ƙasashe da yawa kuwa milimol ne a lita, sai an raba da 18, wato 90 a can 5 ce a nan. Waɗannan ba su hana a ajiye littafi ba, amma sun sa aka manna takardar faɗakarwa a bangon ciki.

Mujallun sun fi ban takaici, su ne kuma suka fi nauyi. Tun Janairun 2002 shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya buɗe da mujallu kusan 1,500 daga manyan kamfanonin ɗab'i shida, daga baya ya zama ɓangare na Research4Life, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karantawa kyauta ko da kuɗi kaɗan, gwargwadon rukunin ƙasar. Asibitin yana da rajista tun tuni. Tsofaffin fitowa da yawa kuma suna PubMed Central, wata ma'ajiyar mujallun likitanci a intanet, kyauta ga kowa; na mujallar BMJ ta Birtaniya sun koma har 1840. Ɗaurarrun da aka aiko ga giɓi a tsakaninsu, shekara uku a nan, biyar a can. Kimanin 100 kawai aka ajiye, na cututtukan ƙasashe masu zafi, waɗanda suka cike gurbin abin da laburaren yake da shi.

Da aka gama, cikin littattafai 3,500, ruwa da fumfuna sun ci 250, tsufa ya fitar da 1,700, guda 450 na tsarin wata ƙasa ne ko cikin harshen da ba a koyarwa da shi, 300 na ayyukan da ba a yi a asibitin, aka tsira da 800. Da mujallu 100, juzu'i 900 ke nan cikin 6,000, kashi 15 cikin ɗari. Sauran sama da tan 7 suka zama ƙarfen ƙafa, saboda ofishin kadarori ya riga ya shigar da kwali 500 a rajistar dukiyar asibiti ranar da suka iso, abin da ya shiga rajista kuma ba a zubar da shi sai kwamitin bincike ya zauna. Littattafan ma ba a buga musu hatimin cirewa daga laburaren farko ba, duk wanda ya gan su a hannun mai sayen takarda zai ɗauka na sata ne. Ga kuma kara: wa zai gaya wa likitan da ya yi ta fafutuka cewa yawancin kyautarsa takardar niƙa ce?

Zagaye na biyu

Shugabar laburaren ce ta rubuta, kai tsaye zuwa ga takwaranta na can, ta haɗa da jadawalin tantancewar ba tare da ƙorafi ba. Shi ma ashe bai ji daɗin yadda aka yi gaggawar ba. Daga wannan wasiƙa ce haɗin gwiwar ya fara na gaske, ma'aikacin laburare da ma'aikacin laburare, shugabanni kuma suka sa hannu a kan abin da waɗannan biyu suka tsara.

Takardar fahimtar junan shafi biyu ce. Ta ce jerin buƙata daga mai karɓa yake fitowa. Ta ce ba a rufe kwali sai mai karɓa ya ga sunan kowane littafi da marubucinsa da bugunsa da shekararsa da lambar shaidarsa ta ISBN, ya kuma amince a rubuce. Shiru ba amincewa ba ce. Ta ce mai karɓa yana da ikon ba wani ko sayarwa ko zubar da duk abin da bai yi masa ba, ba tare da neman izini ba, kuma ba a shigar da komai a rajista sai bayan tantancewa. Ta fayyace wanda zai biya kowane mataki har kan kanta, ta hana haɗa littattafai da wani kaya. Ta sa sunan muƙami biyu a kowane ɓangare, don kada aikin ya mutu ranar da aka yi wa mutum ɗaya canjin wurin aiki.

Jerin buƙatar daga manhajar karatu aka ciro shi. An bi kowane kwas, aka tambayi malaminsa littafi biyu da ya fi tura ɗalibai gare su, aka duba rajistar aro don ganin waɗanda ake layi a kansu, waɗanda bangonsu ya yage don yawan hannu. Sunaye 120 aka samu. Muhimmin abin da ya fito shi ne yawan kwafi: ajin mutum ɗari ya fi amfana da kwafi 15 na littafi guda na yanzu a kan littattafai 15 mabambanta, domin malami ba zai iya cewa a karanta babi kaza ba sai in kowa zai samu. Laburaren da ke rage kayansa kuwa kwafi ɗaya ko biyu yake da shi. Saboda haka kashi ɗaya bisa uku na jerin kawai aka samu daga kantocinsa da hannun malamai da ɗaliban da suka gama.

Sauran da kuɗi aka cike, kuɗin da a da za a ba kamfanin jirgi. Manyan kamfanonin ɗab'i suna fitar da bugun ɗalibai mai rahusa don kasuwannin ƙasashe masu tasowa, sai aka saya ta hannun dillali na yankin, ba jirgi ba kwastan. Littattafan Hukumar Lafiya ta Duniya, irin ɗan littafin aljihu na kula da yara a asibiti wanda bugunsa na biyu ya fito a 2013, ana sauke su kyauta daga intanet, sai aka buga wasu aka ɗaure. Jagororin magani na ƙasar kanta, waɗanda su ne likita zai bi a bakin gado, an sa su gaba da kome. An kuma nemi shiga cikin abokan hulɗar Book Aid International, ƙungiyar Birtaniya da ta faro a 1954, wadda sababbin littattafai take aikawa daga kamfanonin ɗab'i, ta kuma bar masu karɓa su faɗi irin abin da suke so. Ga ƙananan asibitocin da ɗalibai ke zuwa aikin koyo, an kwaikwayi tsarin shuɗin akwatin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya: akwatin ƙarfe guda, littattafai zaɓaɓɓu sama da ɗari da aka kasa bisa fanni, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakinsa.

Abin da ya hau jirgi a karo na biyu juzu'i 400 ne, kilo 600, kwali 34, kusan kubik mita ɗaya, a dandamali guda cikin kwantenar haɗaka. A da irin wannan ɗan kaya ta gidan waya ake aika shi cikin buhunan littattafai masu kilo 30, amma tun da gidan wayan Amurka ya daina aika kaya ƙetare ta ruwa a 2007 hanyar ta yi tsada daga can. Kwantenar haɗaka tana da nata tarkon, domin kuɗin rarraba kaya a tashar sauka yakan yi yawa a kan ƙaramin kaya, saboda haka sai da aka karɓi lissafin ejan na ɓangaren sauka a rubuce kafin a loda. Takardar yafe haraji tana hannu, sunan asibiti daidai, kowane kwali da lambarsa da jerin abin da ke ciki, kwafi ɗaya a ciki ɗaya a waje. Kowane littafi an buga masa hatimin cirewa, an kashe abin tsaron da ke jikinsa don kada ya riƙa tayar da ƙararrawa.

Wani ƙaramin abu ya rage aiki fiye da yadda aka zata. Laburaren can ya fitar da bayanan katalogin littattafan a tsarin MARC, wanda laburare ke musayar bayanan katalogi da shi, ya aiko da fayil ɗin, aka zuba shi cikin Koha, manhajar kyauta da asibitin ke amfani da ita. Duka biyun suna bin tsarin rarrabawa na Babban Laburaren Likitanci na Amurka, inda QS ke nufin sassan jiki, QV magunguna, WC cututtuka masu yaɗuwa, WQ haihuwa, WS yara, WY jinya, saboda haka lambobin ƙeya ma ba a sauya su ba. Minti 20 ya koma kamar biyar. Da asibitin yana bin wani tsarin rarrabawa, na Dewey, inda likitanci ke cikin 610, da sai an sake wa kowanne lamba, kuma wannan tambaya ce da ake yi tun a wasiƙar farko.

Daga nan littattafai suka zama ƙaramin ɓangare na hulɗar. An shirya horo ta bidiyo a kan bincike a PubMed, shafin neman maƙalun likitanci, da amfani da kalmomin bincikensa na MeSH, ma'aikatan asibitin kuma suka koyar da likitocinsu. An buɗe hanyar neman maƙalar da babu ita a Hinari, amma sai da laburaren can ya duba lasisinsa ɗaya bayan ɗaya, don wasu kamfanoni sun taƙaita aika maƙala ga laburaren cikin ƙasa kawai. Ba da kalmar sirri kuwa karya yarjejeniya ce da za ta iya sa a rufe wa jami'a gaba ɗaya. Lambobin shiga intanet da ke cikin sababbin littattafai ma na mutum ɗaya ne, ba a lissafa su a matsayin dukiyar laburare. Asibitin shi ma yana aikawa: jerin kundayen binciken ɗalibansa, mujallun yankin da ba su shiga manyan ma'ajiyoyi ba, da jagororin ƙasa, waɗanda ɗaliban can masu zuwa koyon cututtukan ƙasashe masu zafi suke buƙata kafin su taso.

Awon nasara ma an sauya shi. An daina ƙirga kwalaye, aka koma ƙirga aro, da littattafan da ake tsinta a kan tebur kowace yamma kafin a mayar da su kanta, wanda shi ne ke nuna karatun cikin ɗaki. Duk littafin da ya shekara ba a taɓa shi ba ana rubuta sunansa, don kada a sake neman irinsa.

Matsalar da ta rage ita ce ta sabuntawa. Cikin juzu'in da suka zo a karo na biyu, kimanin 300 na fannin magani da jinya ne, su ma shekara biyar ce iyakarsu. An manna wa kowanne ɗan tambari mai launi a ƙeya, launin yana nuna shekarar da za a sake duba shi, don ma'aikaci ya gane daga nesa ba sai ya buɗe ba. In ana so kantar ta zauna da ranta, sai an sauya kusan 60 duk shekara. Laburaren can ya gama kwashe benensa, ba shi da sauran abin bayarwa na takarda, saboda haka ya yi alkawarin kuɗin rabi na shekara uku, asibitin kuma ya buɗe layi a kasafinsa don ɗaya rabin. Za a sake zama a kan takardar fahimtar junan wata shida kafin wa'adin ya cika.